Tsofaffin Kwamfutocin Tafa: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk matafiyin da ya biyo hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san Tafa da jerin manyan motoci da masu sayar da abinci a bakin titi. Amma in ya sassauta tafiya, tun daga nan har Sabon Wuse, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, ya gangara wajen Dutsen Zuma da Suleja, zai ga wata sana'a da ba ta da hayaniya, wato ƙananan shaguna masu kwamfuta ɗaya ko biyu, da injin buga takardu, da ɗan janareto a bakin ƙofa. A nan ake buga wa jama'a takardar neman aiki da katin ɗaurin aure, a nan kuma ake cike wa yara fom ɗin makaranta.

A da, wannan aiki na marubucin wasiƙa ne, wanda kan zauna da tafiretarsa kusa da kotu ko gidan waya. Zamani ne ya juya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka buga takardar shiga jarrabawa da duba sakamako suka zama cinikin shekara-shekara. A watan Disamba na 1920 ba wanda ya san da wannan, amma a Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin haɗa lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa shagunan. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa ya koya wa har masu kemis da masu sayar da siminti ajiye lissafinsu a na'ura.

To, mafi yawan waɗannan kwamfutoci na hannu ne, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira Tokumbo ko Beljiyam. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can su iso Banex Plaza a Abuja da shagunan Suleja. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Ashe ke nan tsohuwar da ke kan teburinsa ita ce jarinsa, ranar da ta tsaya kuwa cefanen gida ya tsaya.

Abin lura shi ne ba tsufa ne ya fi kashe su ba. Na farko ƙura ce. Idan hunturu ya shigo, ƙurarsa da ta titi kan toshe fankar da ke sanyaya cikin na'urar, sai ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta. Na biyu wutar lantarki. Abin mamaki, a Jihar Neja madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru suke, amma duk da haka wuta kan zo ta ɗauke ba sallama, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da zai ƙone kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareto ma ya zama abin taka-tsantsan. Maganin waɗannan bai kai kuɗin gyara ba: a rufe na'ura da ƙyalle bayan an tashi, a kai ta a bushe mata ƙura kafin hunturu da bayansa, a kuma sa mata sitabilaiza da batirin nan na UPS, wanda ke ba mutum 'yan mintoci ya adana aikinsa.

Akwai kuma wata matsala da ido ba ya gani. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da manhajar Windows 10, wadda ya fitar a 2015, sai dai ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoba na 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma duk ɓarakar da aka gano bayan wa'adi ba mai toshe ta, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kuwa tun watan Maris na shekarar an fitar da maganinta, mutane ne ba su sa ba.

Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa. Tana bukatar ƙwaƙwalwar aiki ta RAM aƙalla gigabait 4, da rumbun ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗan ba. A nan ne ya kamata mai shago ya buɗe ido. Ƙara RAM zuwa gigabait 8, da musanya tsohon rumbu mai juya faifai da sabon nan na SSD, kan sa tsohuwar na'ura ta yi sauri ƙwarai, kuma kuɗinsu bai kai na sayen wata ba. Amma ba za su sa ta cika sharaɗin Windows 11 ba. Wadda ba ta cika ba, ana iya sa mata manhajar Linux ta kyauta, muddin an tabbata injin buga takardu zai yi aiki da ita, ko a bar ta ga buga rubutu kawai ba tare da intanet ba. Wanda zai sayi ta hannu kuwa, ya tambayi shekarar ƙirarta tukuna, domin araha ba ta ado.

Abin da ya fi na'urar daraja shi ne abin da ke cikinta. A rumbun kwamfutar shago guda akan sami hotunan fasfo da lambobin NIN da takardun shaidar haihuwa na mutanen unguwa, ga kuma littafin bashin mai shagon. Wannan amana ce, kuma tun watan Yuni na 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora alhakin tsare su a wuyan duk mai tara su. Saboda haka wajibi ne a riƙa kwafe muhimman takardu kowane mako a wani rumbu dabam, a ajiye shi a gida, a kuma goge takardun mutane da zarar an gama aikinsu. Idan za a kai gyara, a nemi mai gyara wanda aka san shagonsa da malaminsa, a yi ciniki kafin ya kwance, a kuma karɓi tsohon kayan da ya cire.

Masu gyara sun san lokacin da aka fi yi musu sammako: makon da ake buga takardun jarrabawa, ga yara sun yi layi, ga na'ura ta ƙi tashi. A ranar, kuɗin gyara ya ninka, masu jira kuma sun koma shagon maƙwabci. Mai shagon da ya ware ɗan abin da zai kula da kwamfutarsa tun kasuwa na kwance, shi ne zai buɗe ƙofa da safe hankalinsa a kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya.