Cinikin WhatsApp: Abin da Mai Saye Ya Hango da Abin da Mai Sayarwa Ya Rasa

Yau maganar sayen kamfanin manhaja za mu yi, kuma da WhatsApp ɗin nan da ke cikin wayarku za mu yi misali.

A watan Fabrairun 2014 Facebook ya sanar da sayen WhatsApp kan dala biliyan 19. Kamfanin da ma'aikatansa 55 ne kacal fa! To me Mark Zuckerberg ya hango? Ba riba ba ce, don a lokacin dala ɗaya ake biya a shekara, da yawa ma ba sa biyan. Jama'a ya saya. Masu amfani da manhajar sun kai miliyan 450, in ka raba kuɗin, kowane mutum ya tashi kusan dala 42. Ga kuma tsoron kada WhatsApp ya ƙara girma ya kwashe masa mutane.

Amma mai saye na da wata fargabar. Kamfanin manhaja ba gona ba ne, dukiyarsa na cikin kawunan ma'aikata, kuma kowannensu na iya ajiye aiki gobe. Shi ya sa aka kasa kuɗin kashi uku: biliyan 4 kuɗi hannu, biliyan 12 hannun jarin Facebook, sai biliyan 3 na hannun jarin da za a riƙa sakar wa masu kamfanin da ma'aikata kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu. Ka tafi kafin lokaci, ka bar ragowar. Igiya ce aka ɗaura maka a ƙafa, ko da ta zinariya ce.

To, mu koma wajen masu sayarwa, Jan Koum da Brian Acton. Mutanen nan sun tsani talla, sun tsani tara bayanan jama'a. Kuɗi kam sun samu, sai dai wuƙa da nama sun koma hannun wani. A 2016 WhatsApp ya fara ba Facebook lambobin wayar masu amfani da shi. Sai ga saɓani kan yadda za a riƙa samun kuɗi da manhajar. Ni a ganina, wannan saɓani tun ranar sa hannu aka shuka shi, don wanda ya zuba biliyan 19 dole wata rana ya nemi uwar kuɗinsa.

Acton ya fice a 2017, ya bar hannun jarin kusan dala miliyan 850 da lokacin karɓarsu bai yi ba. Koum ya bi bayansa a 2018. A shekarar ce kuma Acton ya zuba dala miliyan 50 a gidauniyar Signal, kishiyar manhajar da ya sayar.