Jabu iri-iri ne a bakin Bature

Shirinmu na yau na masu koyon Turanci ne, musamman ɗalibai da masu fassara labarai. Za mu duba kalmomin da Bature ke amfani da su idan mutum ya nuna abin da ba haka yake ba. A ƙamus a jere suke, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne: wata wasa ce, wata kuwa tana kai mutum gidan yari.

Mai sauƙin cikinsu ita ce pretend. Yarinya ta goya 'yar tsana, tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, to pretend take yi, ba wanda ta cuta. A da can kalmar tana nufin da'awa. Bayan an tumɓuke Sarki James na Biyu a Ingila a 1688, ɗansa ya dage cewa gadon sarautar nasa ne, sai aka laƙaba masa Old Pretender, wato mai da'awar sarauta.

Feign an fi cin karo da ita a littattafai, kuma tana tafiya ne da abin da ke jiki ko a zuci: barcin ƙarya, ciwon ƙarya, mamakin da bai kai zuci ba. In ciwon na gudun aiki ne, kamar sojan da ya kwanta don kada a tura shi fagen daga, sai a ce malinger.

'Yan gidan kallo sun san simulation. Ɗan wasa ya zube a yadi na 18, yana birgima yana riƙe da ƙwauri alhali ba wanda ya taɓa shi, alƙalin wasa ya ɗaga masa katin gargaɗi. Amma matuƙin jirgin sama da ke atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi, shi ma simulation yake yi, kuma babu ha'inci a ciki ko kaɗan.

Yanzu mu shiga harabar kotu, inda kuskure ke da tsada. Counterfeit ta kuɗi ce da kaya: takardar naira ta jabu, ko maganin jabu irin wanda NAFDAC ke ƙonawa. Forge kuwa ta sa hannu ce da takardu da ayyukan fasaha. Wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Han van Meegeren, ya riƙa yin zane-zanensa yana sa musu sunan shahararren mai zane Vermeer, har ɗaya ya faɗa hannun Hermann Göring, jigo a gwamnatin Hitler. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kama van Meegeren da zargin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa. Don ya tsira, dole ya tona wa kansa asiri, ya zana wani a gaban masu tsaronsa. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya saboda forgery.

In kuma mutum sukutum aka kwaikwaya, kamar wanda ya zauna wa wani jarrabawa, impersonate ke nan, wato sojan gona.

Kirana ga masu fassara shi ne a daina tattara waɗannan duka a ce musu "bogi". Fake ce kaɗai ke haɗiye komai haka, sauran kowacce da laifin da take nunawa, kuma mai saurare yana da haƙƙin sanin wanne ake tuhumar mutum da shi.