Iyakar da ke Tsakanin Zube da Waƙa

Malaman adabin Larabci sun kasa magana gida biyu: nasru, wato zube, da shi'iri, wato waƙa. Ƙudama ɗan Ja'afar, mai littafin Naƙdus Shi'iri a zamanin Abbasiyawa, ya siffanta waƙa da awo da ƙafiya da ma'ana. Awon nan shi ne Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, ya tsara a ƙarni na 2 na Hijira cikin ilimin aruli, ya fitar da bahari 15, aka jingina wa Ahfashu ƙarin na 16. Zube ba shi da wannan takunkumi. Ko an ƙawata shi da saja'u har ƙarshen jimlolinsa suna amsa juna, muddin babu awo yana nan zubensa.

Sai dai wannan ma'auni yana da kafa. Jahizu ya lura cewa kiran mai tallan gauta a kasuwa kan iya faɗawa kan awo ba da saninsa ba, kuma babu mai hankalin da zai kira shi mawaƙi. Shi ya sa Ibnu Rashiƙ na Ƙairawan, a cikin Al'umda, ya gabatar da niyya kafin sauran sharuɗɗa: sai mai magana ya nufi waƙa sannan maganarsa ta zama waƙa.

Wannan sharaɗi ya taɓa aƙida kai tsaye. Ƙuraishawa sun jefi Manzon Allah (SAW) da cewa mawaƙi ne, Alƙur'ani kuma ya kore haka a Suratu Yasin aya ta 69 da Suratul Haƙƙa aya ta 41. Masu shubuha sukan tsinko wani yanki na aya da ya dace da wani bahari su kafa hujja da shi. Baƙillani, wanda ya rasu a shekara ta 403 ta Hijira, ya rushe wannan a cikin I'ijazul Ƙur'ani da cewa gajeren yanki da ya dace da awo ba a kiransa waƙa, in ba haka ba kowane mai magana ya zama sha'iri. Shi har saja'u ya kore wa Alƙur'ani, ko da yake wasu malaman balaga sun saɓa masa a nan. Kalmar da aka fi natsuwa da ita game da ƙarshen ayoyi ita ce fasila.

Akwai kuma wani rukuni da ɗalibai suka fi cuɗanya da shi, wato nazamu. Alfiyyar Ibnu Malik, mai baiti kusan 1,000 a kan baharin rajazu, da Murshidul Mu'ini na Ibnu Ashir a fiƙihun Malikiyya, duk sun cika awo da ƙafiya da niyya, amma ruhinsu na zube ne: babu hasashe, babu motsa zuciya, ilimi ne aka ɗaure don hadda ta yi sauƙi. Malaman ƙasar nan sun bi wannan turba, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya nazamta ilimin sarfu a cikin Alhisnur Rasin.

A nan ne bambancin yake da haɗari ga mai neman hukunci. Mai zube, irin su Ibnu Abi Zaid a cikin Risala, yana da sararin kawo sharaɗi da togaciya yadda ya so. Mai nazamu kuwa awo na matsa masa. Larurar waƙa takan sa ya gabatar da abin da ya kamata ya jinkirta, ko ya shafe kalma, ko ya bar ƙaidi ya dogara ga malamin da zai karantar. Wanda ya haddace baiti ya yi fatawa da zahirinsa yana iya sakin abin da mai littafin ya ƙayyade. Saboda haka ne a zaurukan karatu ba a raba Alfiyya da sharhin Ibnu Aƙil, ko Ibnu Ashir da sharhin Mayyara, kuma sharhohin nan duka da zube aka rubuta su.