Tumbin Ɗan Kasuwa: Yadda Ake Auna Shi da Yadda Ake Rage Shi

A kasuwanninmu, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce kasuwa ta karɓe shi. Mace kuwa in ta yi jiki, maigida ake yaba wa. A ɗakin awo na asibiti lissafin daban ne. Kitsen ciki ba irin na cinya ko na damtse ba ne: yana kewaye hanta da hanji, yana hana sinadarin insulin aikinsa, har sukari ya taru a jini. Ta nan ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke samun ƙofa, sau da yawa shekaru kafin mai shi ya ji wani ciwo.

Ba sai da sikeli za ku san matsayinku ba. Ku sami igiya, ku yanke ta daidai tsayinku daga ƙasa zuwa tsakar ka, ku ninka ta biyu, sannan ku zagaya ciki da ita ɗan sama da cibiya, ba tare da kun shanye ciki ba. In bakinta biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, faɗin cikin ya wuce rabin tsayi, kitse ya yi yawa ke nan. Mai son lamba ya ari tef ɗin tela: haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, yana tsananta daga 102 da 88.

Yawancin 'yan kasuwa ba mutane ne masu haɗama ba. Zama ne daga hantsi har magariba, ga talla tana wucewa ta gaban rumfa ba yankewa: ƙosai, fanke, awara, waina, tsire. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da kaɗan-kaɗan ke tarawa a wata.

Abin sha ne ya fi yin ɓarna, domin ba ya ƙosarwa, ba a kuma lissafa shi cikin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a 6. Kwalba ɗaya ta lemo tana iya ɗaukar cokali 8 zuwa 9. Ku ƙara kofin mai shayi da madarar gwangwani mai zaƙi da safe, da zoɓo ko kunun zaƙi da rana, ku ga inda aka kwana. Da za a ce in zaɓi gyara guda, wannan zan zaɓa: ruwa a madadin lemo, sukarin shayi kuma a riƙa rage shi da rabin cokali duk mako har harshe ya saba. Fura da nono ba ta da laifi, muddin ba a zuba mata sukari ba kuma an ɗauke ta a matsayin abinci, ba abin sauke abinci ba.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana buƙatar tafiyar kusan rabin sa'a kafin jiki ya ƙone shi. Uwargida, ki riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Za ki ga bambanci har a kuɗin cefane. Ba a ce a bar tuwo ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya cike gurbin da miyar ganye, kwaɗon zogale ko rama, kabeji, da wake, ƙwai ko kifi. Gero da dawa sun fi farin burodi da farar shinkafa riƙe ciki. Ƙin cin komai yini guda sannan a faɗa wa akushi da dare ba ya rage ƙiba.

Game da motsa jiki, ma'aunin Hukumar shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar, na tafiya mai sauri wadda numfashi zai ƙaru amma ana iya magana. Ana iya raba ta minti goma-goma. Ku sauka daga acaba ko kabu-kabu kafin a kai bakin kasuwa, ku taka da kanku zuwa wurin dillali maimakon aiken yaro, ku miƙe tsaye duk sa'a. A lokacin bazara a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar. Wadda ba ta fita tana da tsakar gida: zagayawa da sauri, daka, shara, da tashi-zauna daga kujera sau goma a jere. Irin wannan aikin ƙarfi, kwana biyu a mako, yana kare tsoka don kitse ne kawai zai tafi. Ɗaure ciki da ɗamara kuwa gumi yake fitarwa, ba kitse ba.

Ba a neman mutum ya rame. Rabin kilo a mako ya wadatar, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100.

Ku yi hattara da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a tasha. Galibinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwan jiki ya zube, kitse yana nan. Haka ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe: wasunsu suna kumbura jiki, su tayar da hawan jini da ciwon suga.

Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara kada su rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da asibiti kafin ya fara, kuma ya riƙe maganinsa da katinsa duk lokacin da zai ƙetare iyaka. Wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, musamman in akwai yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya kai mako biyu, ya je a gwada shi cikin makon nan.