Gudan jini bayan tiyatar sauya ƙugu ko gwiwa: haɗarin da ke bin majinyaci har gida

Duk mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ƙugunsa ko gwiwarsa ta lalace har aka ce sai an sauya masa da ta ƙarfe, tafiya ta kama shi, galibi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ranar sallama 'yan uwa kan yi hamdala cewa an tsallake. Sai dai akwai sauran rina a kaba, domin haɗarin daskarewar jini yakan kai kusan wata uku bayan tiyata.

Tiyatar tana taɓa jijiyoyi, jiki yana ƙara saurin daskarar da jini don tsayar da zuba, ga kuma kwanciya da ke rage gudunsa. Da haka gudan jini ke taruwa a jijiyar da ke can cikin sha-raɓa ko cinya. Idan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, ana iya rasa rai cikin mintuna. Binciken da aka yi kafin rigakafi ya zama ruwan dare ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda ba a ba magani ba sun samu gudan, mafi yawa ba tare da wata alama ba.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa samun gudan jini, da mai ciwon daji, da mai ƙiba sosai, da wanda ya haura shekara 60. Haka ma masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda ciwon kan cinye musu kan ƙashin ƙugu tun suna matasa.

Rigakafin shi ne maganin tsinka jini: allurar Clexane a fatar ciki, ko ƙwayoyi irin su Xarelto, wani lokaci asfirin. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta 2012 ta ce a yi aƙalla kwana 10 zuwa 14, kuma a iya kai shi 35. Likita ne ke zaɓa, domin maganin kansa na iya jawo zubar jini. Wafarin ya fi araha, amma yana buƙatar gwajin jini akai-akai, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mazaunin ƙauyen Sabuwa. A ganina, bai kamata a bar asibiti ba sai da maganin da zai kai ƙarshen wa'adin.

Sai batun hanya. Zaman sa'o'i a mota da ƙafa a lanƙwashe na ƙara haɗarin, alhali shawarar a tsaya a taka ba ta da sauƙin bi a yankin da fargabar 'yan bindiga ta hana direbobi tsayawa a daji. Ana iya yada zango a gari, kamar Malumfashi ko Funtuwa, a riƙa motsa idon sawu cikin mota, a sha ruwa sosai.

A gida, idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗau zafi, sha-raɓa na ciwo, kada a kai wa maɗori, kada a murza ko a gasa ta da ruwan zafi. Murzar na iya ɓalle gudan. Kada kuma a haɗa maganin da diklofenak ko ibufrofen na kemis. Baƙin bayan gida ko jini a fitsari alamar zubar jini ce. Idan kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗau ciwo, ko aka yi tarin jini, a garzaya babban asibiti mafi kusa, a faɗa musu ranar da aka yi tiyatar da sunan maganin da ake sha.