Wakili A Ofishin Haraji: Amana Na Son Takarda

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. To, amma ɗan kasuwar Zurmi ko Shinkafi, wanda rashin tsaro ya sa hanyar Ƙaura Namoda zuwa Gusau ta zame masa abin fargaba, ala tilas yakan wakilta wani ya biya masa haraji.

Haka kawuna, mai sayar da hatsi a kasuwar Alhamis ta Shinkafi, ya yi. Shekara biyu yana damƙa wa ɗan maƙwabcinsa kuɗi, ba takarda, ba shaida. Ranar da na raka shi aka duba, ko kwabo ba a samu da sunansa ba. Ya sake biya, gaisuwa kuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Tun zamanin En'e, lokacin da dagatai ke karɓar haraji da jangali, rasit ne garkuwar talaka. Sababbin dokokin haraji na 2025 ma ba su sauya wannan ba: wakili ɗan aike ne, bashi yana wuyan mai dukiya.

Saboda haka, 'yan uwa, mu riƙa rubuta wakilci gaban shaidu, mu fayyace iyakarsa, mu karɓi rasit mai ɗauke da sunanmu da lambar harajinmu. Takarda ɗaya kan tsare dukiya da zumunci. Allah Ya sa mu gane.