Ɗaliban ƙasar waje da yawon darensu bai wuce tabarma ba

Da an ce ɗalibi yana karatu a ƙasar waje, sai hankali ya tafi ga hotunan Dubai, gidajen cin abinci da yawon dare. Amma a Sayam Forage, kimanin kilomita 40 daga garin Diffa, akwai ɗaliban ƙasar waje da ba su taɓa neman biza ba.

An buɗe sansanin ne a ƙarshen 2014, bayan rikicin Boko Haram ya sa mutanen Damasak da kewaye tsallako kogin Komadugu. Wasu daga cikin yaransu sun ci gaba da karatu bisa manhajar Najeriya, da tallafin hukumar UNHCR.

Batun dare kuwa, dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar Diffa a Fabrairun 2015 ta zo da hana fita da haramta hawa babur. Abin da ya rage wa matashi shi ne tabarma, butar shayi da abokai, zaman da a Najeriya ake kira majalisa, a Nijar kuma fada. A nan ake bitar darasi, ana kuma tambayar juna labarin gida.